Yadda ake ƙara wa tsohuwar kwamfuta ƙarfin firosesa ba tare da an yi asara ba

Akasarin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu, makarantu da cibiyoyin jarrabawa a garuruwanmu sun gama aikin ofis a Turai ko Amurka ne kafin su iso nan. Dell OptiPlex, HP Compaq Elite, ThinkPad, EliteBook, Latitude. Jikinsu na da ƙwari, kuma in an kula da su suna iya ƙara shekaru suna ciyar da mai su. Da zarar ɗaya ta fara nauyi, shawarar da aka fi bayarwa ita ce a canja mata firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi. Wani lokacin shawarar tana kan hanya, amma sau da yawa mutum yakan dawo gida da firosesar da ta zauna daram a gurbinta, ya danna makunni, fanka ta juya, sikirin ya ƙi kawo komai. Mai shago kuma ya ce shi lafiya lau ya ba da kayansa, kuma gaskiyarsa ce.

Wannan matsala ta daɗe. A 1992 kamfanin Intel ya fito da firosesocin OverDrive don masu kwamfutar 486 su ƙara gudu ba tare da sun sayi sabuwa ba. Bayansa kamfanoni irin su Evergreen, Kingston da PowerLeap suka shiga ƙera ƙananan alluna da ake sakawa tsakanin sabuwar firosesa da tsohon madabod, wato babban allon da sauran kayan kwamfuta ke haɗuwa a kansa. Aikin allon uku ne: ya daidaita siffar gurbi, ya rage ƙarfin wutar da ke isa firosesa, ya kuma saita adadin ninkin gudu. Tsofaffin madabod na 486 wutar bolt 5 suke bayarwa, ita kuwa AMD 5x86 mai gudun 133 MHz da ta fito a 1995 ƙasa da bolt 3 da rabi take so. In ka dasa ta kai tsaye ka ƙona ta. Shi ya sa Kingston TurboChip ya zo da ita a kan ɗan allo mai na'urar rage wuta. Duk wanda ya fahimci waɗannan ayyuka uku ya fahimci abin da zai bincika a yau, ko da allon dashe zai yi amfani ko firosesa tsurarta zai saya.

Mataki na farko: tabbatar firosesa ce ke ja maka baya

Kunna kwamfutar, buɗe duk abin da ka saba aiki da shi, CorelDraw ne, burawuza mai shafuka goma ne, ko manhajar tace bidiyo. Sai ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito, ka shiga sashen Performance. Ci gaba da aikinka kana kallon layuka uku: CPU (firosesa ke nan), Memory da Disk.

In Disk ne yake maƙale a kashi 100 alhali CPU yana ƙasa, tsohon had disk mai juyawa ne damuwarka, kuma maganin shi ne SSD, ma'ajiyar bayanai marar juyawa da ta fi shi gudu. In Memory ya kusa cika, RAM za ka ƙara, wato ma'ajiyar aikin da kwamfuta ke kan yi. A ganina, kwamfutar da ba ta da SSD da RAM aƙalla 8 GB ba ta kai matsayin da za a yi mata maganar firosesa ba tukuna. Waɗannan biyun sun fi araha, ba su da haɗari, kuma in ka sayi wata kwamfutar gobe za ka iya cire SSD ɗinka ka tafi da ita.

Sai kuma zafi. Sauke HWMonitor, kyauta ce, ka duba zafin firosesa tana cikin aiki. In tana haura digiri 90, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu da ta toshe ƙarfen sanyaya da man da ya bushe ya zama kamar alli sun isa su mayar da i5 ta koma rarrafe. A hure ƙurar, a sa sabon mai, a sake gwadawa. In bayan duk wannan CPU ne ke zama a kashi 90 zuwa 100, to ka ci gaba da karatu.

Mataki na biyu: rubuta abin da kake da shi

Sauke CPU-Z, ita ma kyauta ce. A shafin CPU ka kwafi sunan firosesa da abin da aka rubuta a gaban Package, wato nau'in soket, gurbin da firosesa ke zama. A shafin Mainboard ka kwafi lambar madabod, sunan cifset (na'urar da ke haɗa firosesa da sauran kayan madabod) da lambar BIOS (manhajar da ke tayar da madabod) tare da kwanan watanta. Rubuta su a takarda ko ka ɗauki hoto da waya. Da wannan takardar za ka shiga kasuwa.

Masu laftof, a nan ne za ku san ko akwai hanya. In an rubuta rPGA, firosesar tana cikin gurbi kuma ana iya cire ta. In BGA ce, an manne ta da dalma a jikin madabod, magana ta ƙare. ThinkPad T420, T430 da T440p, EliteBook 8460p da 8470p, Latitude E6420 da E6430 duk masu gurbi ne. ThinkPad X220 da X230, Folio 9470m da EliteBook 840 manne suke. Duk firosesar da lambarta ta ƙare da U ko HQ a manne take zuwa, kuma daga zubi na biyar na jerin firosesocin Core i, Intel ya daina yi wa laftof firosesar da ake cirewa gaba ɗaya. Akwai masu gyara da za su ce za su ɗaga ta da iskar zafi su dasa wata. Ana yi, amma ban ga dalilin da mai neman abinci da kwamfutarsa zai yarda a yi masa ba.

Mataki na uku: ƙofofi huɗu da firosesa za ta wuce

A nan ne akasarin asara ke faruwa, don haka zan ɗan daɗe.

Ƙofa ta farko soket ce, kuma ita ce mafi sauƙi. LGA 775 na zamanin Core 2 ne. LGA 1156 na zubin farko na Core i ne, ya fito a 2009. LGA 1155 ya zo a 2011 yana ɗaukar zubi na biyu da na uku. LGA 1150 na 2013 na zubi na huɗu ne, sai LGA 1151 na 2015. Lambobin sun yi kama da juna amma ba sa shiga gurbin juna, domin an yi wa kowace firosesa tsaga biyu a gefe da ke hana ta zama a inda ba nata ba. Kada ka taɓa tilasta ta.

Ƙofa ta biyu cifset ce, kuma ita ce mayaudariya, domin firosesa za ta zauna lafiya a gurbi amma ta ƙi tashi. Ɗauki OptiPlex 790 da 990, ko HP Compaq 8200 Elite. Soket ɗinsu LGA 1155 ne, amma cifset ɗinsu Q65 ko Q67 ba ya ɗaukar zubi na uku. Iyakarsu i7-2600. Wanda ya saya musu i5-3470 ko i7-3770 ya sayi abin ajiyewa a durowa. OptiPlex 7010 da 9010 da HP 8300 Elite kuwa cifset Q77 gare su, suna ɗaukar zubi na biyu da na uku. Kallon akwatin daga waje ba zai nuna maka wannan bambancin ba, kusan kamarsu ɗaya.

LGA 1151 ya fi muni. Zubi na shida da na bakwai suna tafiya da cifset masu lamba 100 da 200, zubi na takwas da na tara suna buƙatar masu lamba 300, alhali yawan ƙafafun soket ɗin ɗaya ne. Mai OptiPlex 7050 ba zai iya saka i5-8500 ba ko da ta zauna cif.

Ƙofa ta uku BIOS ce. A cikinta akwai ɗan bayani na musamman ga kowane nau'in firosesa da madabod ya sani. In firosesar ta fito bayan an rubuta BIOS ɗinka, ko dai ta ƙi tashi, ko ta tashi da ƙorafi. Kwamfutocin HP kan nuna saƙo mai lamba 1801 game da microcode, wato wannan ɗan bayanin, su tsaya suna jiran ka danna F1. Misali, i7-4790 ta fito a 2014, shekara guda bayan fitowar LGA 1150, don haka madabod da aka ƙera a 2013 yakan buƙaci sabunta BIOS kafin ya karɓe ta. In madabod ɗinka na Asus, Gigabyte, MSI ko ASRock ne, shafin kamfanin yana da jerin firosesocin da yake ɗauka da lambar BIOS da kowace ke buƙata. Dell, HP da Lenovo ba su cika fitar da jeri irin wannan ba, amma littafin bayanin kowane samfuri yana lissafa firosesocin da aka sayar da shi da su. Zaɓi daga cikin waɗannan ka huta.

A ɓangaren AMD labarin ya fi daɗi. Soket AM4 ya fito a 2016, kuma a 2022 kamfanin ya amince tsofaffin madabod masu cifset A320, B350 da X370 su ɗauki Ryzen 5000 bayan sabunta BIOS. Mai Ryzen 3 1200 da ya koma Ryzen 5 5600 a kan madabod ɗinsa na da ya samu sauyin da babu wani soket na Intel na wancan zamani da ya bayar. Sai dai a lura 5600 ba ta da sashen nuna hoto a cikinta, dole sai da katin bidiyo, ko kuma a nemi 5600G.

Ƙofa ta huɗu wuta da zafi. Kowace firosesa tana da adadin wat da aka tsara mata, ana samunsa a shafin Intel ko AMD. i3-2100 wat 65 ce, i5-2400 wat 95, i5-3470 wat 77, i7-4770 wat 84. Babban akwati ba ya damuwa da wannan. Ƙananan nan masu cajar waje irin ta laftof kuwa an ƙera su ne don firosesoci masu ƙarewa da S ko T, irin i5-2400S ko i5-3470S. A laftof abin ya fi tsanani. T430 da ta zo da i5 mai wat 35 za ta tashi da i7-3630QM mai wat 45, amma bututun sanyayarta bai kai ba, kuma ɗakin da aka gwada waɗannan na'urori ba shi da zafin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu. Nemi masu ƙwaya huɗu, wato sassan lissafi huɗu a cikin firosesa ɗaya, masu ƙarancin wuta: i7-3612QM ko i7-3632QM masu wat 35 ga zubi na uku, i7-4702MQ ko i7-4712MQ masu wat 37 ga T440p da ire-irenta.

Wani tarko da ke kusa da wannan: Xeon E3. Ana samun su da araha, kuma E3-1230 v2 kusan i7-3770 ce a aiki. Amma ba ta da sashen nuna hoto, in ba ka da katin bidiyo sikirin ba zai kawo ba. Waɗanda lambarsu ta ƙare da 5, irin E3-1245 v2, su ne ke da shi. Kuma ba kowace BIOS ta kwamfutar ofis ke karɓar Xeon ba.

Mataki na huɗu: idan sai da allon dashe

Iri uku za ka iya cin karo da su.

Na farko na tsofaffin na'urori ne sosai. Pentium II ta 1997 a kan dogon kati take, ana soka ta a wani gurbi mai suna Slot 1. Da Intel ya koma firosesa mai ƙafafu da Socket 370, sai aka ƙera allon da ake kira slotket: soket a jikin kati, katin a cikin Slot 1. Masu arahar suna da ƴan maɓallan roba da za ka saita da hannu, na ƙarfin wuta da na gudun hanyar sadarwa, 66, 100 ko 133 MHz. Wutar daga madabod take zuwa, kuma wasu tsofaffin madabod ba sa iya sauka ƙasa da bolt 1.8, alhali Pentium III ta Coppermine tana son tsakanin 1.6 da 1.75. PowerLeap PL-iP3/T ya fi su domin yana da tasa na'urar rage wutar, har yana sa Celeron mai gudun 1.4 GHz ta yi aiki a kan madabod mai cifset 440BX na 1998. Amma duba lissafin: 1.4 GHz ɗin nan 100 MHz ne sau 14. RAM da had disk da katin bidiyo duk suna nan a gudunsu na da. Injin tirela ne a jikin akori-kura, ƙarfin yana nan amma giya da tayoyi ba sa iya isar da shi ƙasa. Haka aka gani tun 1995 da Pentium OverDrive mai 83 MHz, wadda duk da tsadarta ba ta fi AMD 5x86 mai araha ba a yawancin ayyukan ofis.

Wa zai nemi irin wannan a yau? Mai injin da ba ya rabuwa da tsohuwar kwamfutarsa: keken saƙar zane mai kwamfuta, injin yankan ƙarfe ko katako, wata na'urar awo, waɗanda katinsu na tsohon gurbin ISA ne kuma manhajarsu ba ta san komai ba bayan Windows 98 ko XP. In kai ne, shawarata ka yi hattara da ƙarin gudu. Akwai tsofaffin manhajojin DOS da aka rubuta da Turbo Pascal da ke mutuwa da saƙon Runtime error 200 da zarar firosesa ta wuce kimanin 200 MHz. Ga irin wannan na'ura, ajiye madabod da firosesa na ko-ta-kwana iri ɗaya da naka ya fi ƙara mata gudu amfani.

Tsofaffin Mac ma suna da nasu. Power Macintosh 7500, 8500 da 9500 na 1995 firosesarsu a kan kati take, kuma Sonnet da Newer Technology sun sayar da katunan G3 da G4 da ake maye gurbinta da su. Dole a saka ƴar manhajar katin, in ba haka ba ma'ajiyar wucin-gadin da ke kansa ba za ta kunna ba, rabin ƙarfin ya tafi. Yau wannan aikin masu sha'awar tara tsofaffin kaya ne.

Na biyu shi ne wanda aka fi yi a shagunan gyara: dasa Xeon na LGA 771 a madabod na LGA 775. Allon nan bai wuce ɗan siririn sitika ba, ana manna shi a ƙarƙashin firosesa ya musanya wuraren taɓi guda biyu. Sai a yanke ƴan haƙoran roba biyu na cikin soket da reza, ko a sayi firosesar da aka riga aka yi wa sabuwar tsaga. Xeon E5450 mai ƙwaya huɗu, gudun 3.0 GHz, wat 80, daidai take da Core 2 Quad Q9650 a aiki, kuma ta fi ta araha. Tana tafiya a cifset G31, G41, P35, P43 da P45, galibi bayan an cusa bayananta a cikin BIOS. Ba ta tafiya a Q35, Q45, X38 da X48. To OptiPlex 755 Q35 ce, OptiPlex 780 da HP dc7900 Q45 ne, wato ainihin kwamfutocin ofis da suka fi yawa a hannun mutane su ne ba sa ɗauka. Ga waɗannan, nemi Core 2 Quad ta asali. Ka kuma guji X5460, wat 120 take ci, ƙananan madabod na G31 da G41 ba sa jure mata.

Na uku sabon yayi ne daga Sin: firosesar laftof da aka manne a kan ɗan allo mai siffar LGA 1150 ko LGA 1151, irin i7-4980HQ, ana sayarwa a AliExpress. Farashin yana jan hankali. Amma yawancinsu suna buƙatar BIOS da wani ya gyara da hannu, wasu kuma samfurin gwaji ne da ba a yi don sayarwa ba, kuma da yawa ba su da murfin ƙarfe, ɗaure ƙarfen sanyaya da ƙarfi kaɗan sai gilashin ya tsage. In kana da na'urar rubuta BIOS irin CH341A kuma ka iya dawo da madabod da ya mutu, bismillah. In kwamfuta ɗaya gare ka kuma da ita kake cin abinci, kada garin neman gira ka rasa ido.

Mataki na biyar: lissafi

Abin da ke kawo bambancin da za ka ji a hannunka shi ne ƙarin ƙwaya. Daga Pentium ko i3 mai ƙwaya biyu zuwa i5 mai ƙwaya huɗu, misali i3-2100 zuwa i5-2400 ko i3-4130 zuwa i5-4570, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, domin waɗannan i5 sun cika kasuwa. Daga i5-3470 zuwa i7-3770 kuwa ƙwayoyin huɗu ne dai, ƙarin 200 MHz ne da damar kowace ƙwaya ta riƙe aiki biyu. Mai tace bidiyo zai ga amfani, mai buga takardu da cike fom a intanet ba zai ga komai ba. Kuma firosesa mafi girma a kowane soket tana riƙe tsada saboda kowa ita yake nema. Ta biyu ko ta uku daga sama ita ce ta mai hankali.

Haɗa kuɗin firosesa, man sanyaya, ladan mai gyara, da sabuwar fanka ko fawa-fak (akwatin da ke ba kwamfuta wuta) in ana buƙata. Sai ka tambayi farashin kwamfuta ƴar Beljiyam da ta fi taka sabunta da zubi biyu ko uku, ka cire abin da za a ba ka in ka sayar da taka. Ni dai in kuɗin gyaran ya kai rabin wannan cikon, canja kwamfutar nake ba da shawara. Mai amfani da sola ko janareta ya ƙara da lissafin wuta: Core 2 Quad tana shan wuta fiye da i5 ta zubi na uku, kuma ba ta kai ta aiki ba.

Sai batun Windows. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma jerin firosesocin da Windows 11 ta amince da su ya fara ne daga zubi na takwas na Intel da Ryzen 2000, tare da sashen tsaro mai suna TPM 2.0. Babu firosesar da za ka saka a LGA 1155 ko 1150 ta shigar da kai wannan jeri. Akwai hanyoyin zagaye, amma Core 2 da Xeon na 771 ko ta zagayen ba sa tayar da Windows 11 ta 24H2, domin ba su da wani umarni mai suna POPCNT da take buƙata. Linux Mint kuwa tana gudu lafiya a kan dukkansu, kuma ga aikin burawuza da rubutu ta wadatar.

Mataki na shida: saye

In da hali ɗauki kwamfutar ka je da ita, ko Beirut Road a Kano ne ko wajen mai gyaran unguwarku, a gwada a gabanka. Sayen firosesa ba gwaji cinikin biri a sama ne. In daga nesa za a aiko, ku yi yarjejeniyar mayarwa kafin ka tura kuɗi.

Karanta rubutun saman murfin. Akwai lamba mai haruffa biyar da ke tabbatar da nau'in: i5-2400 SR00Q ce, i5-3470 SR0T8, i7-3770 SR0PK. In ka ga Intel Confidential, samfurin gwaji ne, bar shi. Akwai masu goge murfi su sake rubutu, don haka hukuncin ƙarshe na CPU-Z ne bayan an kunna. Juya cikinta ka duba: wuraren taɓi na zinare su kasance ba ƙuna ba tsatsa, ƙananan ƙwayoyin da ke tsakiya babu wadda ta ɓalle. Mai ƙafafu kuma ka ɗaga ta saitin haske ka bi layi-layi da ido, lanƙwasasshiya za ta fito fili.

Mataki na bakwai: BIOS tukuna

Sabunta BIOS tun tsohuwar firosesa tana ciki, domin in ka cire ta sabuwar ta ƙi tashi, sai ka sake kwance komai. Sauke fayil ɗin daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar kawai, na ainihin samfurinka. Kada ka yi wannan a kan wutar NEPA tsurarta. In aka ɗauke wuta a tsakiyar rubutu madabod na iya mutuwa. Yi da UPS ko inbata, laftof kuma batir a cike caja a jone. In kana da BitLocker, makullin bayanai na Windows, dakatar da shi ka kuma adana lambar buɗewarsa kafin ka fara.

Mataki na takwas: dasawa

Bar kwamfutar ta yi aiki na minti goma don tsohon man ya yi laushi. Kashe, zare wayar wuta, danne makunni na ƴan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita. Laftof a cire batir. Lokacin hunturu jiki yana tara lantarki, irin tas ɗin da kake ji in ka taɓa ƙofar mota, kuma ya isa ya kashe firosesa. Cire rigar sanyi, kada ka zauna kan kafet, ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai a ciki.

Zare wayar fanka. Kwance notunan ƙarfen sanyaya kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan wadda ke fuskantarta. Murɗa shi hagu da dama kafin ka ɗaga. A AMD in ka fizge shi kai tsaye yakan taho da firosesar manne a jikinsa, ƙafafu su lanƙwashe.

Danna sandar soket ƙasa, ja ta gefe, ɗaga murfin. Kama firosesar ta gefuna biyu ka ɗaga ta sama a miƙe. Yanzu ƙafafun soket sama da dubu suna buɗe a gabanka, sirara kamar gashi, kada yatsa ko tsumma ko bakin sukundireba ya kusance su. Duba ƙaramin alwatika na zinare a kusurwar sabuwar firosesa, daidaita shi da alamar da ke kan soket, tsagogin biyu su hau haƙoransu. Ajiye ta a hankali, nauyinta ya isa. In tana lilo, ba ta zauna ba, ɗaga ka sake dubawa. Rufe murfi, mayar da sanda. Za ka ji tauri a nan, haka yake. A laftof babu sanda, noti ɗaya ne a kan soket da ake juyawa rabin zagaye don buɗewa da rufewa.

Goge tsohon mai daga ƙarfen sanyaya da tsumma mai tsabta da ɗan sifirit, bari ya bushe sarai. Ɗiga sabon mai a tsakiyar firosesa gwargwadon ƙwayar wake. Man goge baki da giris ba man sanyaya ba ne, duk wanda ya ce maka suna yi kada ka sake ba shi kwamfutarka. Sauke ƙarfen a miƙe, ɗaure notuna a gicciye kaɗan-kaɗan har su tsaya. A laftof an rubuta 1 zuwa 4 a gefen notunan, bi su a jere. Mayar da wayar fanka, ita ce aka fi mantawa.

Mataki na tara: gwaji

Kunnawar farko kan ɗauki lokaci, wani sa'in ta mutu ta sake tashi da kanta sau ɗaya ko biyu. Shiga BIOS, F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad, Delete a yawancin saura, ka ga sunan sabuwar firosesa da cikakken adadin RAM. A cikin Windows buɗe CPU-Z ka tabbatar da suna da yawan ƙwayoyi, sannan ka saki Prime95, manhajar da ke ɗora wa firosesa aiki mai nauyi, na kamar awa ɗaya kana kallon HWMonitor. Yi gwajin da rana tsaka, a ɗakin da kwamfutar za ta zauna. Destof ta tsaya ƙasa da digiri 80, laftof ƙasa da 90. In zafin ya yi tsalle cikin daƙiƙu, ƙarfen sanyaya bai zauna daidai ba, kwance ka sake.

In fanka na juyawa babu hoto, zare wuta, cire RAM ka mayar da guda ɗaya, cire ƙaramin batirin CR2032 na madabod na minti biyar ka mayar, sake gwadawa. In ta tashi amma rabin RAM ya ɓace, cire firosesar ka haska soket da tocilar waya daga gefe, akwai ƙafar da ta kauce, kuma mai gyara mai natsuwa yana iya miƙar da ita da allura. In duk bai yi ba, mayar da tsohuwar firosesa. Ta tashi da ita, to sabuwar ce ba ta dace ba ko ta mutu, koma wa mai shago da takardarka ta mataki na biyu. Ko komai ya tafi daidai, kada ka sayar da tsohuwar sai sabuwar ta yi sati biyu tana aikin yau da kullum ba ta daskare ba.